Casey Jones, Direban Jirgin Ƙasa

Cikin dukan mutanen da suka yi aikin jirgin ƙasa a Amurka, da wuya a sami wanda sunansa ya kai na Casey Jones yaɗuwa. Ba shi ya ƙago jirgi ba, bai kuwa mallaki ko taku ɗaya na hanyar dogo ba. Ma'aikaci ne kurum mai ɗaukar albashi, ya mutu a bakin aikinsa cikin shekarar 1900 tun bai kai arba'in ba. A wancan zamani mutuwar ma'aikacin reluwe ba wani labari ba ne, don kusan kullum sai an binne wasu. To, me ya sa aka manta da dubbai, shi aka riƙe sunansa? Abin da ya sa na ɗauko tarihinsa ke nan, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Wanda duk ya bi shi daki-daki zai ga yadda aikin jirgi yake a farkon al'amari, domin mutumin nan ya taka matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, kowane mataki kuwa da hanyar da yake kashe mutum.

Sunansa na ainihi John Luther Jones. An haife shi ran 14 ga Maris a jihar Misuri, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Ubansa malamin makaranta ne. Yana yaro iyayensa suka ƙaura zuwa wani ɗan gari da ake kira Cayce a jihar Kentaki, inda hanyar dogo ta ratsa, nan ya tashi yana kallon jirage. Da ya shiga aiki sai aka tarar masu suna Jones sun yi yawa, abokan aikinsa suka liƙa masa sunan garinsu, kamar dai yadda mu ma mukan yi in masu suna ɗaya sun haɗu a aji. Daga baya rubutun sunan ya juye ya koma Casey, shi ne ya bi shi har kabari.

Yana da shekara 15 ya kama aiki da kamfanin jirgi na Mobile & Ohio, a garin Columbus na Kentaki. Aikinsa na farko buga wayar tangaraho. Kada a raina wannan aiki. Yawancin hanyoyin jirgi a lokacin layi ɗaya ne tak, mai zuwa kudu da mai zuwa arewa duk a kansa suke gudu. Sai nan da can a kan yi ɗan gajeren layi a gefe, inda ɗaya zai ratse ya ba ɗaya hanya. Wanda zai ratse, da inda zai ratse, da lokacin, duk ta waya ake aiko da umurninsu, ɗan waya ya rubuta a takarda ya miƙa wa direba da kwandasta. In ya yi kuskuren lamba ɗaya, jirage biyu na iya gwabzawa goshi da goshi.

Tun da na ambaci kwandasta, bari in tsaya kansa kaɗan, kada mai karatu ya zaci irin na motar haya ne mai kiran fasinja a tasha. A jirgin ƙasa na Amurka kwandasta shi ne shugaba. Direba ba ya motsa jirgi sai ya ba shi alama. Shi ke riƙe da takardun umurni, shi ke gwada agogonsa da na direba kafin a tashi, shi ke lura da tikiti da lissafin kaya, in kuma jirgi ya tsaya a daji shi ke tura mutum baya da jar tuta ko fitila don a tsai da mai zuwa. A jirgin kaya mazauninsa wani ɗan taragon katako ne can ƙarshe, mai murhu da fitilar kananzir a ciki. In wani jirgi ya afko ta baya, wannan tarago shi ke fara rugurgujewa, sau da yawa kuma wutar murhun ta kama katakon. Ga shi kuwa ba a zama kwandasta sai an yi shekaru ana aikin birki, wanda shi ne mafi muni a dukan ayyukan jirgi. Wannan aikin birki shi Jones ya shiga bayan ya bar ɗakin waya, yana bin jirgin kaya tsakanin Columbus da garin Jackson a jihar Tenesi.

Ga yadda aikin yake. Kowane tarago da nasa birkin, wata ƙafar ƙarfe ce a kan rufi wadda ake murɗawa da hannu. In direba yana son tsayawa sai ya busa jiniya, masu birki su hau rufi jirgi na gudu, su murɗe wannan, su yi tsalle su faɗa kan tarago na gaba su murɗe wancan, har jirgi ya tsaya. Ba dare ba rana, ko ana ruwa, ko ƙanƙara ta daskare a kan rufin ya yi santsi kamar sabulu. Wanda ƙafarsa ta zame sai ya faɗa tsakanin tarago biyu, sauran jirgin ya bi ta kansa. Wani kuwa yana tsaye bai ankara ba gada mai ƙasa-ƙasa ta doke shi a ƙeya. Don haka ne a kan rataye igiyoyi a sama gab da gada, in sun shafi fuskar mutum ya san lokacin kwanciya ya yi.

Wannan duk bai kai haɗa tarago ba. Abin haɗin a lokacin zobe ne na ƙarfe mai tsawo da ƙusa mai kauri. Sai mai birki ya shiga tsakanin tarago biyu, ɗaya na tsaye ɗaya na tahowa, ya ɗaga zoben da hannunsa ya daidaita shi da bakin ramin, ya fizge hannu a daidai lokacin da ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, sa'an nan ya zura ƙusa. In ya yi jinkirin ƙiftawar ido, yatsu sun tafi. In taragon ya zo da ƙarfi, ƙirjinsa ne zai shiga tsakani. Har ana ba da labari, wai in mutum ya zo neman aiki a kan ce ya buɗe hannuwansa, in an ga yatsu ba su cika ba a san tsohon hannu ne. Ko da wasa ce, akwai gaskiya a ƙarƙashinta. A cikin shekara guda da ta ƙare a Yunin 1888, ma'aikatan jirgi fiye da 2,000 suka mutu a Amurka, fiye da 20,000 suka ji rauni. Shugaban ƙasa Benjamin Harrison da kansa ya kai wannan lissafi gaban majalisa a 1889, ya nuna abin kunya ne a ce mai neman abincinsa yana cikin haɗari kamar soja a fagen fama.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan tuni. Tun 1869 George Westinghouse ya ƙago birkin iska, wanda direba shi kaɗai zai kama daga mazauninsa. A 1873 kuma Eli Janney ya fito da wani abin haɗi mai kama da hannu biyu da suka riƙe juna, wanda ke kulle kansa ba sai mutum ya shiga tsakani ba. Amma kamfanoni suka yi ta jan ƙafa, musamman a kan taragon kaya, saboda tsada. Sabon ma'aikaci ya fi sabon ƙarfe araha. Shari'ar lokacin ma ta taimake su, don in kuskuren abokin aiki ne ya jawo wa mutum rauni, kamfani ba ya biyan diyya. Sai da wani dattijo manomi daga jihar Iowa, Lorenzo Coffin, ya shafe shekaru yana rubuce-rubuce yana bin majalisu, kana aka yi doka a 1893 wadda ta tilasta sa waɗannan na'urori. Ita ma ba ta fara aiki sosai ba sai 1900.

Jones ya fita daga aikin birki da yatsunsa goma. Daga nan hanya ta rabu biyu: mai son zama kwandasta ya ci gaba da birki, mai son zama direba ya koma kan injin ya zama mai zuba kwal. Shi tun yana yaro direba yake so. Aikin zuba kwal kuwa na ƙarfi ne. Mutum na tsaye a kan ƙarfe mai girgiza, wuta a gabansa, iska mai sanyi a bayansa, yana ɗibar kwal da shebur tan bayan tan. Idonsa kuma na kan ruwan tukunya, don in ruwa ya yi ƙasa har ƙarfen saman wutar ya bushe, tukunya na iya fashewa ta yi watsi da kowa.

A Jackson ya sauka a gidan wata mata mai ba ma'aikata ɗaki da abinci, ya ga 'yarta Janie Brady, suka yi aure ran 25 ga Nuwamba, 1886. Allah Ya ba su 'ya'ya uku. A 1887 zazzaɓin shawara ya yi wa ma'aikatan wani babban kamfani, Illinois Central, ɓarna ƙwarai, guraben aiki suka buɗe. Jones ya koma can a Maris na 1888, ya ci gaba da zuba kwal, ran 23 ga Fabrairu, 1891 aka ba shi direba. Rasuwar wasu ce ta gaggauta masa hawa, haka aikin yake.

Dogo ne ƙwarai, ya haura ƙafa shida, an kuma shaide shi ba ya shan giya. Abu biyu suka fito da sunansa. Na farko jiniyarsa. A lokacin an bar direba ya sa irin jiniyar da yake so, tasa kuwa siraran bututu shida ne aka ɗaure wuri guda. In ya ja igiya sai muryar ta fara a hankali, ta ɗaga, sa'an nan ta yi ta raguwa har ta ɓace, kamar kukan wani tsuntsun dare na ƙasarsu. Mutanen ƙauyukan bakin dogo suna kwance cikin dare sukan gane shi ne ke wucewa. Na biyu kuwa cika lokaci. Har an ce mutane na daidaita agogonsu da isowarsa. Lokaci a aikin jirgi ba ƙawa ba ne. Kafin 1883 kowane gari da nasa agogo bisa tsayuwar rana, kamfanonin jirgi ne suka fara raba ƙasar yanki-yanki, kowane yanki da lokaci guda, domin a layi ɗaya saɓanin minti kaɗan na iya zama jana'iza.

A 1893 aka yi babban baje kolin duniya a birnin Shikago, aka nemi direbobin da za su yi jigilar 'yan kallo, Jones ya tafi. Can ya ga wani sabon injin kaya mai lamba 638 da kamfaninsu ya kai nuni, ya nemi a ba shi, aka ba shi, ya yi shekaru yana jan kaya da shi tsakanin Jackson da Water Valley a jihar Misisipi. Fred Lee, wanda ya rubuta littafin tarihinsa, ya ba da labarin wata rana a 1895 da wata yarinya ta tsorata ta daskare a tsakiyar dogo, Jones ya bi gefen injin ya sauka har kan ƙarfen goshinsa, ya miƙa hannu ya sure ta.

Amma kada in yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Takardun kamfani sun nuna sau tara aka kama shi da karya doka, aka dakatar da shi kwana 145 gaba ɗaya, ko da yake a shekararsa ta ƙarshe ba a kama shi da kome ba. Abokan aikinsa sun san shi da son gudu da kasada. Kamfanin kuwa da baki biyu yake magana. Doka ta hana ganganci, amma direban da ke yawan makara ba shi ake ɗauka a ba jirgin fasinja ba. A Fabrairun 1900 Jones aka ɗauka. Aka mai da shi Memphis, aka ba shi jirgin fasinja mai sauri wanda ke tashi daga Shikago zuwa New Orleans. Direbobi ke karɓa-karɓa a hanya, rabonsa daga Memphis zuwa Canton, wajen mil 188.

Ran 29 ga Afrilu ya kawo jirgi daga Canton, kamata ya yi ya huta a Memphis. Sai aka ce direban da zai koma da jirgi mai lamba 1 ba shi da lafiya, aka roƙe shi, ya yarda. Jirgin ya iso a makare, ba su tashi ba sai ƙarfe 12:50 na dare, watau ran 30 ga wata, sun yi latti fiye da awa guda. Injin mai lamba 382 ne, da tarago shida. Mai zuba masa kwal wani saurayi ne baƙar fata, Sim Webb. A kudancin Amurka na wancan zamani baƙar fata na iya tsufa yana zuba kwal, amma ba za a taɓa ba shi direba ba, kome gwanintarsa. Dare ne mai hazo, hanyar kuma da kwana-kwana. Jones ya ƙudura sai ya shiga Canton a kan lokaci. Webb na zuba kwal, shi yana sakin tururi, suka yi ta cin lattin nan tasha bayan tasha. Kafin su bar Goodman, inda suka ratse wani jirgi ya wuce, abin da ya rage bai fi minti biyar ba.

Can gaba kuwa, a wata 'yar tasha mai suna Vaughan, abubuwa sun cakuɗe. Jiragen kaya biyu, lamba 83 mai zuwa kudu da lamba 72 mai zuwa arewa, sun shiga layin ratse suna fuskantar juna, amma tsawonsu ya fi layin, dole wutsiyar ɗaya ta leƙo kan babbar hanya. Akwai dabarar da a kan yi in haka ta faru. Sai su matsa kudu tare, bakin arewa ya buɗe, jirgin fasinja ya shigo ya tsaya a gefensu, sa'an nan su matsa arewa, bakin kudu ya buɗe ya fice. Suna cikin matsawar farko sai tiyon iska na lamba 72 ya fashe. Shi birkin Westinghouse an yi shi ne yadda in iska ta zube zai kama da kansa, don in jirgi ya tsinke kowane ɓangare ya tsaya. Ya kuwa yi aikinsa. Lamba 72 ya kafe, lamba 83 ba shi da wurin matsawa, taragonsa huɗu na ƙarshe suka rage a kan babbar hanya, har da ɗakin kwandasta. Ka ji ikon Allah, na'urar da ta ceci dubban masu birki ita ta tare hanya a daren nan.

Jones na tafe da gudun wajen mil 75 a awa. Gab da Vaughan hanya ta yi doguwar kwana zuwa hagu, direba kuwa a dama yake zama, tukunya ta tare masa gani. Webb ne ya fara hango jajayen fitilu, ya yi ihu. Jones ya ce masa ya yi tsalle. Webb ya sauka kan matakala ya dira, ya bugu ya suma. Shi kuwa Jones bai bi shi ba. Ya kama birkin iska gaba ɗaya, ya saki yashi a kan dogo don ƙafafu su kama, ya juya injin baya, yana jan jiniya don na gaba su gudu. Kafin ya iso ya rage gudun zuwa wajen mil 35. Da ƙarfe 3:52 injin ya ratsa ɗakin kwandasta, ya ratsa taragon ciyawa, ya ratsa na masara, ya shiga na katako, sa'an nan ya sauka daga dogo. Fasinjoji da ma'aikata kaɗan suka ƙuje, ba wanda ya mutu sai shi.

Kamfani ya yi bincike, babban jami'insa A. S. Sullivan ya rubuta rahoto ya ɗora wa Jones laifin duka. Rahoton ya ce an tura mai tuta baya wajen ƙafa 3,000, ya ɗaura ɗan gwangwanin albarushi a kan dogo, irin wanda in jirgi ya taka yake fashewa kamar bindiga, ya kuma kaɗa fitila, amma Jones bai tsaya da wuri ba. Ma'aikatan sauran jiragen sun ce sun ji fashewar. A rahoton an rubuta Webb ma ya ji, amma daga baya, har ƙarshen ransa, ya tsaya a kan bai ga mai tuta ba, bai kuma ji kome ba. Ni dai a nawa ganin, gudun ya yi yawa a daren hazo, ga shi yana tunkarar tasha, wannan ba a kare shi. Amma kamfanin da ya tura doguwar kaya inda layin ratse bai isa ba, ya kuma saba yabon mai cika lokaci ko ta halin ƙaƙa, bai kamata ya wanke hannunsa tas ba. Laifi tudu ne. Matacce kuwa ba ya musu. Abin da ba wanda ya yi gardama a kai shi ne, yana da damar tsalle kamar Webb, ya zaɓi ya tsaya a kan birki, da ya saki kuwa da taragon fasinja sun shiga da cikakken gudu.

Aka kai gawarsa Jackson aka binne a maƙabartar Mount Calvary. Matarsa ta sami dala 3,000 daga asusun ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi, irin ƙungiyoyin da ma'aikata suka kafa tun 1863 don su riƙa tallafa wa iyalan 'yan'uwansu da aiki ya kashe. Webb kuwa dala 5 aka rubuta masa kuɗin rauni.

Da a nan labarin zai ƙare, ba don wani lebura baƙar fata ba, Wallace Saunders, mai goge injuna a Canton, wanda ya san Jones yana kuma ƙaunarsa. Shi ya ƙaga waƙa a kan haɗarin, ma'aikata suka ɗauka suka yi ta yi daga tasha zuwa tasha. Wasu 'yan wasan dandali suka ji, suka sāke ta, aka buga a 1909 da sunayensu, ta game ƙasa, suka kwashi kuɗi. Saunders bai sami rabo ba, iyalin Jones ma haka. A 1950 gwamnatin Amurka ta buga kan sarki da hotonsa don girmama direbobin jirgi, a 1956 aka mai da gidansa na Jackson gidan tarihi. Sim Webb ya rasu a Memphis a 1957.

Ita Janie ba ta taɓa son waƙar nan ba, don masu sāke ta sun cusa wani baiti da ke nuna wai tana da wani namiji a ɓoye. Ta yi shekaru tana ƙaryata wannan duk inda aka gayyace ta. Ba ta sake aure ba, ta rasu a Jackson a Nuwamban 1958 tana da shekara 92.